Yadda Aikin Makaranta Ya Kusa Sa a Saya Mani Likkafani

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da Hausawan garin Greensboro, can ƙasar waje, suka yi mani jinya, alhali ko mura ba ta kama ni ba.

Abin ya faro ne daga ajin Turanci da nake zuwa da yamma, don na gaji da tura kwalaye a sito, ina so in koma karatun aikin asibiti. Da Disamba ta shigo, malamarmu ta raba mana wani tsohon ɗan littafi da Turawa suke karantawa lokacin Kirsimeti, labarin wani attajiri marowaci da fatalwa ta hana shi sakat har ya gyara halinsa. Na yi rabi ban gane kansa ba. A aji ma na ɗaga hannu na ce a wurinmu mamaci ba ya dawowa, wannan aljani ne, da mutumin ya yi addu'ar kwanciya da duk wannan bai faru ba. (Malama ta ce ra'ayi ne mai ban sha'awa. Daga baya na gane haka suke cewa idan ka yi shirme.)

Sai ta rubuta jigogin littafin a allo: rowa, kaɗaici, waiwayen abin da ya wuce, da cewa mutum yana iya shiryuwa tun yana numfashi. Ta ƙara da cewa rowa ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Nan ne maganar ta soke ni, don ni rowar ƙafa nake yi. Shekara shida a garin, ba suna, ba ɗaurin aure, ba gaisuwar mutuwa, kullum amsata ɗaya ce, ina wurin aiki. Mafi muni shi ne Isuhu, abokina ɗan Maraɗi mai yawan cusa Faransanci a magana, wanda ya ɗauko ni daga filin jirgi ya ajiye ni a ɗakinsa na unguwar Glenwood wata huɗu. Mahaifinsa ya rasu, aka yi zaman makoki kwana uku a gidansa, ni kuwa na tura masa saƙon waya na wuce aiki. Tun daga ranar, shekara biyu, ko sallamata ba ya amsawa, kuma abin yana ci na a rai.

Aikin da malama ta ba mu shi ne kowa ya zaɓi jigo ɗaya, ya aikata shi mako guda, ya rubuto shafi biyu. Na zaɓi shiryuwa. Ban gaya wa kowa ba, har matata Hadiza, don kunya nake ji a ce littafin Kirsimeti ne ya yi mani wa'azi.

Ranar Litinin na ɗauki waya na fara da dattijonmu, Alhaji Bala.

"Alhaji, don Allah in na taɓa yi maku laifi ku yafe mani."

Har na duba ko layi ya yanke, sannan ya ce, "Lafiya kuwa, Baban Amira?"

"Lafiya lau, Alhaji. Na dai tuna rai ba a hannun mutum yake ba."

Ya ja salati a hankali, ya ce ya yafe duniya da lahira. Na ce a raina, kai, ashe abin ba wuya. Na bi sauran mutane ɗaya bayan ɗaya. Isuhu bai ɗauka ba, sai na bar masa saƙon murya mai tsawo. Talata na kyautar da babbar rigar sanyina. Laraba na kai Hadiza shan shayi a Elm Street, abin da ban taɓa yi ba, na kuma ba ta lambar sirrin wayata don in nuna na daina ɓoye-ɓoye. Ta dubi lambar, ta dubi filastar da ke gwiwar hannuna, ta fashe da kuka. Na ɗauka farin ciki ne, har na ƙara mata kek.

Daga nan abubuwa suka fara ruɗa ni. Matar Alhaji ta aiko da farfesun kaza. Wani malami ya kawo mani zamzam a 'yar kwalba, ya shafa kaina ya tafi. A masallacin Juma'a wani ya turo mani kujera, ni da gwiwoyina garau. Kowa ya koma yi mani magana ƙasa-ƙasa. Ban gane ba, amma na rubuta a takardata cewa alheri yana da saurin sakamako, musamman ta fannin abinci.

Da yammacin Juma'ar aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Isuhu. Ya rungume ni yana kuka.

"Bon, ɗan'uwa, na yafe. Komai ya wuce, wallahi ya wuce."

Ni ma na yi hawaye. Wannan kam ba don maki ba ne, na yi kewarsa ƙwarai.

Ranar Lahadi Alhaji ya ce mu zo gidansa a Pleasant Garden. Na tarar da motoci har kan ciyawa, na ce lalle walima ce. Aka zaunar da ni a kujera mafi laushi, na cinye faranti biyu na shinkafa, mutane suna kallona suna girgiza kai. Sai Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce an taru ne don yi wa wani ɗan'uwa addu'a, wanda Allah ya jarraba da ciwo, yake ɓoyewa saboda ƙarfin hali. Tausayi ya kama ni. Na fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin, ina ta waige-waige in ga wane bawan Allah ne.

Da aka shafa, Alhaji ya juyo gare ni.

"Baban Amira, mu 'yan'uwanka ne. Ba mu gaya wa mahaifiyarka a Zariya ba tukuna. Amma in abin ya zo, nan kake so ko a kai ka gida?"

"A kai ni gida in yi me, Alhaji?"

Wata Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Hadiza tana daga bakin ƙofar falo tana sharar hawaye. A lokacin ne farfesu da zamzam da kujerar masallaci suka haɗu a kaina wuri ɗaya. Gumi ya karyo mani a cikin sanyin Disamba.

"Alhaji," na ce, muryata kamar ta ɗan firamare, "asainmen ne."

"Mene ne?"

"Aikin makaranta ne. Wani littafi muka karanta."

"To filastar hannunka fa?" in ji Hadiza.

"Gwajin jini ne, makaranta ke nema kafin a ɗauki mutum."

Hajiyar nan ta sauke mayafi ta ce, "Asainmen? Ni da na yi maka azumi ranar Alhamis?"

Alhaji ya cire hula ya sosa kai. "To ka yi mana uzuri. Mutumin da shekara shida ba a ga ƙafarsa ba, in ya tashi rana ɗaya yana neman gafara yana rabon kaya, ko Hajji zai tafi ko kabari. Muka duba, lokacin Hajji bai yi ba."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Isuhu kaɗai bai yi ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita, na bi shi da safa a ƙafa, na same shi yana buɗe mota.

"Donk, ni ma ina cikin shafi biyun ke nan?"

"Wallahi Isuhu, littafin tura ni kawai ya yi. Roƙon nawa ne, shekara biyu yana bakina na kasa furtawa."

Ya daɗe yana kallon safata a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Wanda zai mutu na yafe wa," ya ce. "Kai mai rai ban yafe maka ba tukuna. Ka zo gida da ƙafarka, ka yi mani gaisuwar babana yadda ake yi, sa'annan ka sake roƙo."

Washegari na ɗauki hutun aiki, karo na farko a shekara shida. Na je Glenwood na cire takalmi na zauna a ƙasa, na yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekara biyu. Ya amsa, muka yi wa tsohon addu'a, ya ɗora shayi.

Malama ta karanta takardata ta rubuta a ƙasa cewa mai ban sha'awa ce. Ban yi musu ba. Ni dai abin da na koya shi ne, in za ka shiryu ka shiryu kaɗan-kaɗan, ka kuma fara sanar da matarka. Yanzu ba taron sunan da yake wuce ni, ba don na zama waliyyi ba. So nake ranar da na yi wa mutum alheri ya ce na gode, ba ya ce Allah ya ba ni lafiya ba.