Zoɓon Farfesa Ɗantsoho

Allah Ya yi wa garin Zango baiwa. Ya ba shi gero, Ya ba shi gyaɗa, sannan Ya cika masa ni'ima da Farfesa Ɗantsoho. Kada ka tambayi jami'ar da ta ba shi farfesancin, wannan ai rashin kunya ne. Abin da kowa ya sani shi ne ya yi shekara da shekaru yana riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare a Daura, yana wanke kwalabe, yana goge tebura. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da farar rigar aikin, da kalmar Turanci ɗaya tak: bes.

A kan kaftani yake ɗora rigar, ko rana ta take, ko ta'aziyya za shi.

"Ku jama'a ba ku san duniya ba," in ji shi a majalisa, yatsa a sama. "Masu lissafi suna da bes, a kansa ake ɗora ƙirga. Masu nahawu suna da nasu, tushen kalma ke nan. Amma babban bes namu ne na kimiyya, mai kashe tsami. Toka bes ce. Kanwa bes ce. Ni kuwa ni ne bes ɗin garin nan."

Sai 'yan majalisa su ce, "Haka ne, Farfesa," su ci gaba da dararsu. A bayan ido kuwa Farfesa Kanwa suke ce masa.

A wurinsa duk matsalar duniya tsami ce. Ciwon kai tsami, faɗan miji da mata tsami. Ya taɓa shiga shagon Anselm mai kayan gyaran babur, ya ce ruwan batir ya cika tsami, a kawo toka. Anselm ya rungume batir kamar jariri.

"Oga Farfesa, don Allah je ka gyara na wani. Nawa lafiya lau."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Farfesa a rai: shugabancin ƙungiyar ci gaban unguwa. Kujerar ta roba ce, amma mai ita ke zama gaba a kowane taro, shi ake miƙa wa lasifika. Abokin takararsa Audi tela ne, bawan Allah da ko bes bai taɓa ji ba.

Al'adar ƙungiyar, kowane ɗan takara ya shayar da jama'a ranar zaɓe. Matar Farfesa, Laraba, ta dafa zoɓo cikin babbar roba, ja wur, ga citta ga kanumfari. Farfesa ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Tsami! So kike ki sa wa masu zaɓena gyambon ciki?"

Ya jiƙa kanwa cikin kwano, ya tuttule ta duka a ciki. Laraba ta yi salati ta shige ɗaki. Zoɓo ya tashi daga ja ya koma wani baƙi-baƙi kore-kore, sak ruwan kwata.

A filin firamare aka taru. Aka shanye kunun ayar Audi tas. Da aka buɗe robar Farfesa, nan take rabin unguwa suka tuna azumin nafila suke yi. Ran Farfesa ya ɓaci ƙwarai.

"Jahilci dai! Wannan launin nasarar kimiyya ce. Ku duba ku gani."

Ya ɗaga kofi ya shanye. Ya ƙara. Ya kuma ƙarawa, har da lasar leɓe, idanu na hawaye. Sannan ya karɓi lasifika ya fara jawabi a kan yadda zai kashe tsamin da ya addabi unguwa.

Yana tsakiyar tarihin kansa ciki ya ce ƙululu, lasifika ta kai wa na baya labari. Gumi ya keto masa. Ya matse ƙafafu, ya ƙara jimla ɗaya da ƙyar, sai ya ce, "Ina zuwa." Wallahi ban taɓa sanin dattijo na iya wannan gudu ba. Farar riga na kaɗawa, ya fizgi butar wani ya yi banɗakin da ke bayan azuzuwa.

Dattawa suka jira. Suka ƙara jira. La'asar ta kawo jiki, aka ce to a ɗaga hannu. Duk hannun da ke filin ya tashi wa Audi, har da na masu azumi, aka ɓarke da tafi.

Tafin ya iske Farfesa a tsugune, yana nishi. Ya saurara, fuskarsa ta washe.

"Ka ji mutanen kirki," ya ce. "Ko ba na nan sun san bes ɗinsu."

Ya ɗaga buta sama, ya ce da ƙofar langa-langa, "Na gode, jama'a, na gode."