Bunsurun Haya

Da Tanimu ya sayar da babur ɗinsa ya sayo bunsuru, mutanen unguwarsu a Malumfashi sun ce lallai a nema masa rubutu ya sha. Shi kuwa abin da ya hango daban. Kowane gida akwai akuya, amma bunsuran da ke yawo a lungu duk 'yan firit ne, abin da ake haifa ma bai fi mage ba. Sai ya samo wani jibgege, irin na ƙasar waje, ya ce duk mai son akuyarta ta haifi na kirki ta kawo a yi barbara, ta biya. Aka sha dariya. Da aka ga haihuwar farko sai dariya ta koma layi, yara na janye da awakin iyayensu tun da sassafe.

Matsalar ɗaya ce, wari. Mai gidan da yake haya ya rantse ko dai bunsuru ya fita ko su fita tare. Tanimu ya rasa inda zai sa kansa, sai ya tuna da kangon Kawu Barau da ke bayan gari.

Ashe taubashinsa Sallau ma ya ƙyalla ido a kan kangon, wai zai buɗe ofishin kamfaninsa na manhajar waya. Kamfanin nan dai tun Tanimu na sakandare ake jin labarinsa, har yau ko kujera bai mallaka ba. Abin da Sallau ya iya shi ne guga da turare, sai kuma haihuwa. Matansa biyu, ba shekarar da ba a suna, kuma kowane suna Kawu Barau ke sayen rago don kada a ji kunya.

Kawu ya tara su a zaure, makullin kangon na hannunsa, ya ce kowa ya faɗi abin da zai yi da wurin. Sallau ya gyara hula ya yi ta zuba, daga masu zuba jari na Dubai sai biliyoyin da ke tafe. Tanimu na gefe, ya ga Kawu har ya fara gyaɗa kai.

Da aka zo kansa, bai kai ƙarshen magana ba Sallau ya toshe hanci.

"Haba Kawu! Duniya ta ci gaba, mutane na harkar fasaha, shi ya zama kawalin awaki. Ka ji warin da ya shigo mana da shi? Gobe a ce kangon Alhaji Barau ne ɗakin amarcin bunsuru. Wannan ma sana'a ce?"

'Yan zaure suka tuntsire. Kawu ya juya makulli a hannu, ya dubi Tanimu.

"To, ka ji ɗan'uwanka. In ba ka da amsa, wuri nasa ne."

Tanimu ya russuna, ya ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, ai bai kamata Sallau ya kushe ba, shi da bunsuruna sana'arsu ɗaya. Sai dai nawa in ya gama aiki biyansa ake yi, naka kuwa in ya gama, kai ke sayen rago."