Yadda Za Ka Sa Famfo Ya Kawo Ruwa Kafin Surukarka Ta Sauka

Kai da ka gina gida can wajen gari, inda babu bututun da ya taɓa jin labarin unguwarku, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ruwa zai zubo a gidanka shar-shar. An gwada su a kan wani mai gyaran agogo da ake kira Siriri, kuma har yanzu yana numfashi.

1. Fara da baki

Surukar Siriri ta bugo waya ta ce ta ji labarin 'yarta na shan wahalar ɗibar ruwa, in gaskiya ne za ta zo ta tafi da ita har sai an gyara. Bai tsaya tunani ba ya ce ai famfo ne har cikin banɗaki. Ta ce madalla, tana nan tafe ta gani da idonta. Kai ma yi haka. Ƙwaƙwalwa ba ta aiki sosai sai baki ya jefa ta cikin masifa.

2. Sayi kan famfo

Kan kawai, mai sheƙi. Siriri ya kafa ɗaya a banɗaki, ɗaya a kicin, ya ja tiyo ta taga zuwa wani tsohon duro da ya ɗora a kan rufin ɗakin ajiya, ta bayan katanga inda ido ba ya kaiwa. Matarsa ta riƙe ƙugu ta tambaye shi wa zai riƙa cika duron. Ya ce kada ta tsoma baki a harkar injiniyoyi.

3. Nemo injin turo ruwa

Kai ne injin. Can gangare akwai wani tsoho mai kiwon kaji, yana da rijiya. Je ka gaishe shi, ka yabi kajinsa, sannan ka zura guga. Siriri ya yi ta yabon kajin nan har tsohon ya fara kulle su in ya hango shi. Daga nan sai bokiti a kowane hannu, ka hau tudu, ka hau tsani, ka juye, ka koma.

4. Ku shirya alama

Duron yana yoyo, don haka sai an buɗe famfo ake zubawa. Siriri suka yi da matarsa cewa da zarar surukar tasa, wato Mama, ta nufi banɗaki, ita matar za ta buga murfin tukunya. Abin da bai lissafa ba shi ne mai girki tana taɓa murfi ko babu wanda ya nufi ko'ina. Ya hau tsanin nan a guje sau babu adadi saboda miya.

5. Tanadi amsa

Mama ta sauka, ta murɗa famfo, ruwa ya zubo, ta sa albarka. Jim kaɗan ta gamu da shi a tsakar gida, jiƙe sharkaf, yana haki.

“Ɗana, lafiya?”

Ya durƙusa. “Lafiya lau, Mama. Motsa jiki nake yi.”

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce in ya ci gaba da motsa wannan jikin ba za a ga abin da ya saura ba. Da gashin kaza ya fito ta famfon kicin kuwa, ya ce kamfanin ruwa ne ke sakawa don a gane na ainihi ne.

6. Kada ruwan ya yi daɗi da yawa

A nan Siriri ya yi sakaci. Mama ta wanke labule, ta wanke darduma, ta sauko da kwanukan da ba a taɓa ci a cikinsu ba ta wanke. Sannan ta zaga maƙwabta ta shaida musu cewa surukinta mutumin kirki ne, kowa ya zo ya ɗiba. Ta farko a layi matar mai kaji ce. Ta ɗanɗana ta ce wannan ya fi na rijiyarsu nesa ba kusa ba. Siriri yana kan tsani yana leƙe ta saman katanga, yana kallon ruwan da ya hauro da shi tudu yana komawa gangare a kan matar mai shi.

Da yamma matarsa tana shafa masa man zafi a baya, ta ce a faɗa wa Mama gaskiya kawai, ita ba za ta bar shi ta bi Mama ba. Ya ji daɗin maganar har idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce saura ƙiris, baƙo ai tafiya yake yi.

7. Raka ta mota

Wannan matakin ba a gwada shi ba tukuna. Ranar da aka sa za ta tafi, Mama ta ce a garinsu famfo ya daɗe da ƙafewa, ba ta ga dalilin barin ni'ima ba. Ta aika a kawo mata sauran kayanta. Jiya an gan ta tana auna tsakar gida da ƙafa, tana tambayar yadda ake kiwon kifi.

Hattara: marubucin nan ba shi da hannu a ciwon baya, karayar tsani ko ƙarar mai kaji. Ruwa na yi maka alkawari, kuma ya zubo. Wanda zai ɗauko shi, wannan tsakaninka da bakinka ne.