Kaset ɗin da Na Kai Zance Darini

A shekarun tsadar nan wani direba a Safana ya ba ni tsohon kaset na Turawa masu jita. Saboda tsimin batir, farkonsa kawai na saurara, mai sanyi da taushi. Na ce lallai wannan zai narkar da zuciyar Hinde, yarinyar da nake nema.

Da la'asar na je zance Darini, ƙauyen su Hinde, na kunna rediyo a ƙofar gidansu, na lumshe ido. Can sai jitar ta kurma ihu, ganguna suka ɓarke, tumaki suka tsinke igiya.

Mahaifinta ya fito da sanda. "Kai samari, wa ake yankawa a akwatin nan?"

Ni kaina har yau ban san me ya ɓata wa Baturen rai ba. Hinde dai ta aure ni, amma akuya na yin kuka sai ta ce, "Malam, ga mawaƙinka."