Rasuwar Bututun Gidan Man Namadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da ya ƙi haɗiyuwa, Alhaji Namadi mai gidan mai a bakin hanyar Illo yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bututunsa na ƙarfe, wanda ya cika ranar Talata da hantsi bayan shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da rijiyar unguwa.

Marigayin mai haƙuri ne. Tun zamanin mahaifin Namadi yake ɗauko fetur daga tanki zuwa famfo, ya shayar da motocin Bagudo da baburan da ke tsallakawa Benin, bai taɓa cewa ya gaji ba. Iyakar maganarsa "ƙur-ƙur-ƙur" da safe. Daga baya ta koma "fsss", ba wanda ya saurara.

Tsatsa ce ciwon ajalinsa. Shekara uku da suka wuce Muktar mai walda ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya ji ƙarar ta mutu, ya ce damshin fadama ya cinye ƙarfen, a canja shi. Namadi ya kafe cewa ƙarfen da ba ya tsufa. Inda duk ya ga yoyo sai ya liƙe da sabulu, ya ɗaure da robar tayar babur, duk Sallah kuma ya shafa wa gwiwar da ke waje jan fenti. Kaico! Sama tana sheƙi, ƙasa tana ɗiga a ɓoye. Yanzu in ya tuna fentin nan ji yake kamar ya mari kansa.

Marigayin ya bar tanki ɗaya da ba a yarda da lafiyarsa ba, famfo biyu marayu, da gida goma sha huɗu da ruwansu ke warin fetur. Cikinsu har da gidan Gwaggo Sa'adiyya wadda ta raini Namadi. Tun ranar da ta jawo guga ta ga mai yana yawo a kai ta daina amsa gaisuwarsa, wannan kuwa ya fi komai cin ransa.

Za a tono gawar ranar Asabar da safe, 'yan gwangwan su ɗauke ta a kura. Ba taba, ba ashana. Masu ta'aziyya kowa ya zo da ruwan alwalarsa. Wanda bai tarar da mai makoki ba ya neme shi a ƙofar gidan Gwaggo, inda zai riƙa sauke jarka shida daga rijiyar bayan gari kullum, da kansa, har ranar da ta amsa masa sallama.