Yadda Za Ka Zille wa Gayyar Suruki Kamar Farar Ganye

Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za a nome gonar surukinka tsaf, hannunka bai yi kanta ba. Ilimin daga farar ganye na samo shi, koriyar farar nan mai fiffike da ke zama a kan bishiya. Ba a taɓa ganin ta da fartanya ba, kuma ba ta rame ba.

1. Yi shiga
Fiffikenta ganye ne sak, har da jijiyoyi. Nemi koriyar riga. Ka yi sammako ka gai da Baba, ya shaida ka zo, sannan ka sulale.

2. Hau bishiya ka daskare
Wuni take ba motsi. In iska ta kaɗa, sai ta ɗan yi rangaji tare da ganye. Kai ma haka. Ban da tari.

3. Kashe waya
Namijin kan goga fukafukai yana kiran mace, ya tona wa kansa asiri. Soyayya ta jira la'asar.

4. San bishiyarka
A nan ɗalibina Sama'ilu na Zakirai ya ba ni kunya. Sauda yake nema, mahaifinta Malam Abdulmumini kuwa ya ce a gona zai gane mijin 'yarsa. Tun da rani Sama'ilu ya zaɓi wani gawo a tsakiyar gonar, ganye ya rufe shi ruf. Ya manta gawo da damina yake kaɗe ganyensa. Ranar gayya ya sheƙo a guje, sai da ya kai reshe ya lura shi kaɗai ne kore a bishiyar.

Duk da haka ya riƙe mataki na biyu, na yaba masa. Da hantsi Sauda ta kawo fura. Malam ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da aiki, Sama'ilu. In ka nuna, ka faɗo."

Sauda ko kallon sama ba ta yi ba. Ta miƙa ludayi ga Kamaruddeen, wani manemin nata da gumi ya jiƙa sharkaf. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Hattara
Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, babu ruwan fara. Hannu mai laushi na yi alkawari, ban ce da mata ba. Na Sama'ilu lafiya lau yake, da shi ya raba goro ranar ɗaurin auren Sauda.