Ranar da Kamiyo Ya Zauna a Kan Hulata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwar Dungass, zamanin da Faransa ke mulki, ranar da na yi fatan ƙasa ta tsage in shige. Lokacin na dawo daga Damagaram ke nan, bayan na yi shekara uku ina koyon kanikanci a wani garaji. Na dawo da akwatin sufana da wata hular kwano irin ta Nasara da na saya a gwanjo, ga girman kai da ko jaki ba zai iya ɗauka ba. A Yekuwa, garinmu, babu wanda ban faɗa wa cewa ni da hauya mun yi bankwana ba (har da kakata, wadda ba ta tambaye ni ba).

Matsalar ita ce ba ni da aiki. Kamiyo, wato babbar motar kaya, guda ne a yankinmu, na Alhaji Mamman mai sayen gyaɗa, wanda ke jigilar buhuna daga Dungass zuwa Magarya. Da na je neman aiki, sai ya sa aka fito da wani tsohon kirik, wato abin ɗaga mota wanda mutanen Kano ke kira jak. Irin mai siffar kwalba ne, wanda ke aiki da mai, duk ya yi baƙi ƙirin. In an ɗaga mota da shi sai ya riƙa sauka da kansa.

"Ka gyara wannan," in ji Alhaji. "In ya riƙe mota da kaya, kai ne bakaniken motata. In bai riƙe ba, ka gaida mini baban naka, ka ce ya ajiye maka hauya."

Na ce, "Alhaji, ai wannan aikin rabin yini ne."

Maimakon in nemi lungu, sai na shimfiɗa buhu a bakin kasuwa inda kowa zai gan ni. Na kwance babban notin sama, na zare gangar waje, na tsiyaye tsohon man da ya koma kamar kunu. Na jawo sandan ƙarfen da ke hawa da sauka, na wanke komai da kananzir, na jera ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan a kan tsumma. A gindin sandan na ga asalin ciwon: wata 'yar fata mai siffar ƙoƙo, wadda ke hana mai gudu, ta cinye ta yage. Na ɗaga ta sama ina dariya. Fata a cikin inji! Na samo tsohuwar robar cikin taya, na fara yanka madadinta.

Kusa da ni akwai rumfar wani tsohon baduku, Baba Gambo, mai ɗinka guga da zugazugin maƙera. Tun da na fara yake kallona, da ya ga roba a hannuna sai ya yi magana.

"Ɗana, wannan robar ba ta shiri da mai. Za ta sha ta kumbura, ta ruɓe. Fatar da ka cire ita ce daidai."

Na gyara zaman hulata na ce, "Baba, wannan aikin inji ne, ba takalmi ba ne." (Allah Ya yafe mini. Har da ɗan Faransanci na ƙara a ƙarshe, wanda ni kaina ban san ma'anarsa ba.)

Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," ya koma kan ɗinkinsa.

Na haɗa kirik, na zuba sabon mai, na gwada shi a kan motar ba kaya, ya ɗaga ta cak. Mako guda ina yawo a gari kamar ni na ƙera motar.

Kasuwa na zagayowa aka loda gyaɗa fal. Mota ba ta ko fita daga kasuwa ba tayar baya ta sace. Wallahi murna na yi, don ga dama ta samu. Na kafa kirik, na riƙa buga hannunsa, motar ta tashi da kayanta. Na kwance notocin, na cire hulata na zuba su ciki, na ajiye ta ƙarƙashin ƙafar motar don kada su ɓace a rairayi. Na zare tayar. Daga nan na juya wa mota baya, na fuskanci jama'a, na shiga bayanin yadda mai ke ɗaga ƙarfe. Alhaji na tsaye, dillalai na tsaye, har mata masu fura sun matso.

Na lura idanunsu ba a kaina suke ba, amma na ɗauka ilimi ne ya yi musu yawa. Sai wata mai fura ta ce, "Malam bakanike, motarka fa tana durƙusawa."

Na waiwaya. Kamiyo na sauka a hankali, ba gaggawa, kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. Na kama hannun kirik ina bugawa kamar mahaukaci, ba abin da ya motsa. A gaban idona ƙarfen ƙafar ya sauko kan hulata, ta yi ƙara ƙurus, ta baje. Sai wani ya ce, "Allah Ya jiƙan hula," aka kwashe da dariya. Alhaji kaɗai ne bai yi dariya ba, ni kuwa na fara jin ƙanshin gonar babana.

Baba Gambo ya taso. Ya sa aka tokare motar da kututture, aka tona rairayi aka zaro kirik. Ya miƙo mini ya ce, "Buɗe shi, ɗana, ni ban san inda ake kwancewa ba." Na buɗe. Robata ta kumbura ta yi laushi kamar ɗanyen ƙulli, ta tsage gida biyu.

Abin da tsohon nan ya yi daga nan, har yau ban ga kamarsa ba. Ya zaɓo jemammiyar fatar gadon bayan bijimi, ya auna bakin bututun da sandan ke hawa a ciki da zare kawai, ya yanka. Ya jiƙa ta, ya ɗora a kan wani zoben ƙarfe, ya danna ta ciki da guntun ice har ta zama ƙoƙo, ya ɗaure ya shanya a rana. Bayan azahar ya kwance, ya fere bakinta da wuƙa har ya yi siriri, ya tsoma ta a narkakken kitse. Ya yi wata ƙarama ta wurin famfon da ke tura mai. Bai yi gaggawa ba, bai kuma dubi kowa ba.

"Bakin ƙoƙon ya kalli mai," in ji shi. "In mai ya danno, shi zai buɗe ta ta manne da bango. Haka zugazugi ke riƙe iska."

Na haɗa, na zuba mai, na fitar da iska. Kafin la'asar kirik ya ɗaga kamiyo da gyaɗarsa, ya tsaya ƙyam. Alhaji ya zuba masa ido har ya gaji da kallo, bai sauka ko kaɗan ba. Ya juyo gare ni, na sunkuyar da kai, na san hukuncina.

Sai Baba Gambo ya riga shi magana. "Alhaji, ka riƙe yaron nan. Ni fata kawai na sani. Shi ya kwance abin nan sau biyu ya mayar, ko ƙwallo ɗaya bai ɓata ba. Abin da ya rage masa kunne ne, kuma yau ya samu."

Wannan magana ta fi dariyar kasuwa ƙona ni, don mutumin da na raina a gaban jama'a shi ya rufa mini asiri a gaban jama'ar. Alhaji ya ce in mayar da taya. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ba komai, amma in ina so zai iya ɗinke mini hular.

Shekara goma sha ɗaya na yi a motar Alhaji, kirik ɗin nan bai sake sauka da kansa ba. Hular kuwa ban yarda an ɗinke ta ba, na rataye ta a garajina a baje yadda take. Tun daga ranar, in tsoho ya ce "ɗana" ina tsakiyar aiki, ajiye sufana nake yi in saurara. Kuma ban ƙara juya wa mota baya don in yi jawabi ba.